Tuwo a Bayan Kicin, Semo a Kan Tebur

Kawuna manomin masara ne a wajen Saminaka. Bara, bayan an gama girbi, ya shigo Kaduna kan wata magana ta banki, na raka shi, muka wuni muna jira a wani reshe da ke tsakiyar gari. Ko da muka fito la'asar ta kusa, kuma tun kokon safe babu abin da ya shiga cikinsa. Na ce a raina yau kam sai na girmama shi. Na kai shi gidan abincin wani otal da ke nan kusa, irin wanda ake buɗe maka ƙofa, sanyin na'ura ya tare ka tun daga bakin shiga.

Wata yarinya mai sabis ta zo da takardar jerin abinci, ta rusuna ta gaishe shi da Hausarta mai kyau. Kawu bai ko buɗe takardar ba, ya turo mini ita, ya dube ta ya ce, "'Yata, a ba ni tuwo da miyar kuka. In babu kuka, ko busasshiyar kuɓewa ce."

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, sai dai semo ko sakwara ko teba. Miya kuma akwai agushi, akwai ogbono."

"Tuwon masara fa?"

"Ba ma sayarwa, Baba."

Ya tambayi fura, babu. Ya tambayi kunu, babu. Abin da ke akwai lemon kwalba ne da na kwali da ruwan roba. Kawu ya yi shiru, ni kuma kunya ta rufe ni, don ni na kawo shi. Yarinyar ta ɗan tsaya kamar mai shawara da zuciyarta, ta shige ciki. Can ta dawo ta rage murya ta ce, "Baba, kuku ya ce akwai tuwon masara da miyar kuka da aka yi wa ma'aikata, in ba za ka ji komai ba." Kawu ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ai abin da nake nema ke nan."

Aka kawo malmala biyu a farin farantin tangaran, miyar tana tururi. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya cinye tas. Ya ce daddawar ta ji, kuma duk wanda ya tuƙa tuwon nan ɗan gida ne. Da aka kawo rasit na duba, sai na ga an rubuta semo, domin babu tuwo a cikin kwamfutar da suke buga lissafi.

Tun ranar abin yake cina. Mutumin da ya shekara yana noma masara ya shigo babban birnin jiharsa, a ce masa tuwon masara ba abin sayarwa ba ne, a miƙa masa semo, wanda da alkama ake yin sa, alkamar da mafi yawanta a jirgin ruwa ake shigo mana da ita daga ƙasashen waje. Tuwon kuwa yana nan a gidan, an tuƙa shi, masu aikin wurin shi suke ci. An dai yanke masa hukunci cewa iyakarsa bayan kicin. Abin da nake so in faɗa shi ne, wannan hukunci kuskure ne, yana jawo mana asara, kuma ba masu otal kaɗai ne suka yanke shi ba.

Wani zai ce mene ne abin damuwa, tunda mai son tuwo ya san inda zai same shi. Gaskiya ne, daga Tudun Wada zuwa Kawo, daga Unguwan Sarki zuwa bakin Kasuwar Barci, ba a rasa mai tuwo-tuwo da mai masa da mai balangu. Amma gidan abincin otal da ke tsakiyar Kaduna ba kamar sauran wurare ba ne. Nan ne falon baƙin garin. Wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a Rigasa, tun da aka buɗe layin Abuja a 2016, ko wanda ya zo baje kolin ƙasa da ƙasa, ko ma'aikacin wata ƙungiya da aka turo bita ta kwana uku, yawancinsu ba za su shiga lungu neman mai tuwo ba. Daga ɗakin taro sai ɗakin cin abinci, daga nan sai ɗakin kwana. Abin da aka ajiye musu a tebur shi ne duk Kadunar da za su ɗanɗana. Su koma Legas ko Fatakwal ko Nairobi ba su taɓa jin ƙamshin man shanu a kan miyar taushe ba.

Kaduna kuwa tun asali garin baƙi ce. Tun da Gwamna Lugga, Baturen mulkin mallaka, ya taso da hedikwata daga Zungeru a 1917, aikin garin shi ne karɓar mutane: sarakuna masu zuwa majalisa a Lugard Hall, ma'aikatan gwamnatin Jihar Arewa, sojoji, masu masaƙu a Kakuri, daga baya kamfanin haɗa motocin Peugeot da matatar mai. Sunayen manyan otal-otal ɗinmu na farko ma sun isa shaida cewa magabata ba su ji kunyar abin da yake namu ba. Ɗaya Hamdala, ɗaya Durbar, wanda aka gina domin hawan dawakin FESTAC, bikin al'adun baƙaƙen fata na duniya na 1977, aka rushe shi a farkon 2020. Mutanen da suka tara dubban dawakai suka nuna wa duniya a wannan gari ba su ga dalilin ɓoye lifidi da algaita ba. Ban san ya aka yi muka iya nuna doki, muka kasa nuna tuwo ba.

A duba takardar abincin yawancin waɗannan wurare. Akwai soyayyiyar shinkafa, akwai dafa-duka, akwai taliya, akwai soyayyen dankali da kaza, wani lokaci har da abin da ake kira shinkafar Sin. Sai wani sashe da aka ware wa abincin gida, inda za ka tarar da sakwara da teba da amala, da miyar agushi da ogbono da ta ganyen ugu. Ba ni da ƙorafi a kan waɗannan. Abincin 'yan uwanmu ne, ina ci, kuma sun cancanci wurin da suka samu, don masu su ba su taɓa sunkuyar da kai a kansu ba. Babban ɗan kasuwa Bayerabe zai ajiye motarsa ta miliyoyi a Ibadan ya naɗe hannun riga ya ci amala da ewedu a bainar jama'a, ya kuma nemi a kawo masa ita a otal mafi tsada. Shi ya sa amala ta hau tebur. Abin tambaya shi ne, a birnin da ke tsakiyar ƙasar masara da dawa da gero, ina tuwon shinkafa da miyar taushe? Ina masa, ina sinasir, ina funkaso da alkubus? Ina dambu da zogale, ina faten tsaki da yakuwa? Ina faten acca, wanda mutanen kudancin jihar nan suka ƙware a kai, alhali accar nan yanzu a kantunan Turai da Amurka ake sayar da ita a matsayin hatsin masu kula da lafiya?

Maganar abin sha ta fi ta abinci ciwo. Najeriya tana cikin manyan masu noman citta a duniya, kuma mafi yawan cittar daga nan jihar take fitowa, daga Kachia da Jaba da Kagarko. Ana loda ta busasshiya a tireloli zuwa tashar jirgin ruwa. A 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta ta cinye amfanin manoma da yawa, wasu har yau ba su gama farfaɗowa ba. Waɗannan mutane suna buƙatar kasuwa ta kusa, wadda ba ta jiran farashin dala. Amma ka zauna a otal a Kaduna, tafiyar 'yan sa'o'i daga gonar, ka nemi lemon citta da aka haɗa a ranar, da wuya ka samu. Zoɓo ma haka. Daga Jigawa da Kano ake fitar da shi zuwa Meziko, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. A Dakar sunansa bisap, kuma ba a jin nauyin miƙa wa baƙo shi a kofin gilashi a manyan otal-otal. Mutanen Senegal ɗin nan ne suka tsaya wa shinkafarsu da kifi har UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin abubuwan gadon duniya a 2021. Mu kuwa zoɓonmu yana robar da aka sha ruwa aka wanke, a kan tire, a bakin tashar Kawo.

Me ake ba mu a madadinsa? Lemon kwalba, wanda rabin lita na irinsa da yawa ke ɗauke da sukarin da ya kai cokalin shayi goma ko fiye. Gwamnati da kanta ta san illarsa, shi ya sa dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora masa harajin naira 10 a kowace lita. Duk wanda ke zuwa tarurruka ya san yadda ake yi: dattawa masu ciwon suga da hawan jini a jere, gaban kowa kwalba biyu. Da zoɓo ne ko ruwan tsamiya da aka haɗa a kicin ɗin wurin, sai a yi tulu biyu, mai sukari da marar sukari, kowa ya zaɓa. Kwalba ba ta ba ka wannan zaɓin.

Akwai kuma wani ɓangare na maganar abin sha da ba a son taɓawa a Kaduna, ni kuwa zan taɓa. Duk ɗan garin nan ya san abin da rikicin 2000 da na 2002 suka yi mana. Mutane suka kwashe kaya, Musulmi suka yawaita a arewacin kogi, Kirista a kudancinsa. Yaron da aka haifa a Rigasa zai iya girma bai taɓa cin abinci a gidan wani a Sabon Tasha ba, haka ma ɗan Narayi da Badarawa. Wuraren da suka rage muke haɗuwa ba su da yawa: ofis, kasuwa, asibiti, sai teburin otal idan aiki ya tara mu. A wannan teburin, abin sha yakan raba mu tun kafin a fara magana. Ni Musulmi ne, ba na shan giya, kuma ba na jin daɗin zama inda ake buɗe ta a gabana. Abokin aikina ɗan Kagoro yana sha, bai kuma taɓa raina ni don ba na sha ba. Ba na neman a rufe mashayar kowa, wannan maganar doka ce da lasisi. Abin da nake nema a wurin masu otal abu biyu ne. A raba mashaya da ɗakin cin abinci rabuwa ta gaske, da bango da ƙofa, yadda malami ko Hajiya da 'ya'yanta za su shiga su ci abinci hankali kwance, mai son shan abinsa kuma ya sha ba tare da ana harararsa ba. Na biyu, a ajiye mana abin da dukanmu muke sha. Kunun zaƙi ba shi da addini. Ana dama shi a Zariya, ana dama shi a Kafanchan, ana raba shi a wurin suna, ana raba shi a harabar coci bayan ɗaurin aure. Ranar da aka ajiye tulunsa a tsakiyar tebur, ni da abokin nan nawa daga wuri ɗaya za mu zuba, kuma na tabbata gardamar da za ta tashi ita ce ta wa ya fi iya sa dankalin Hausa da citta, mutanensu ko namu.

Masu otal suna da hujjojinsu, kuma ba zan yi kamar ban ji su ba. Na zauna da wani manaja na tambaye shi. Abu na farko da ya ce shi ne wuta. Lemon kwalba zai yi watanni a sito bai lalace ba. Kunun aya kuwa, in ba a firji yake ba, kafin yamma ya yi tsami. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, a Afrilun 2024 kuma kuɗin wutar masu layin da ake kira Band A ya tashi daga naira 68 ya haura 200 a kowane ma'auni. Ga dizal na janareto. Duk abin da ke saurin lalacewa asara ce a wurinsa. Na biyu tsafta. Idan baƙo ya sha fura da nono cikinsa ya ɓaci, sunan otal ne zai ɓaci, ba na mai tallar nono ba. Wannan ma magana ce, domin ɗanyar madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko cututtuka daga saniya zuwa mutum.

Amma duk waɗannan matsalolin aiki ne, kuma kicin ɗin da ke iya ajiye ɗanyen kifi da kaza da haɗin kabeji mai mayonis ya riga ya san maganinsu. Ana yin kaɗan, a yi sabo kullum, a rubuta lokacin da aka haɗa, abin da ya wuce lokacinsa a zubar. Kindirmo tun asali sai an tafasa madara ake kwantar da ita, matan Fulani sun san haka tun kafin a ƙirƙiro firji. Abin da ya rage shi ne otal ya ƙulla ciniki da wata ƙungiyar mata a Ladduga, makiyayar Fulani da ke yankin Kachia, ko wajen Zariya, ya ba su bokitai masu murfi, ya sa ido a kan yadda ake tatsa da tafasawa, ya riƙa karɓa kullum da safe. Zoɓo da tsamiya da citta ma busassu ake ajiye su, ba sa buƙatar wuta sai an jiƙa. In ana maganar riba kuwa, a lissafa abin da mudun zoɓo ɗaya zai fitar na kofuna, a kwatanta da 'yar ribar da ke kan kiret.

Kuma ai suna yi. Idan azumi ya kama, otal-otal ɗin nan ne suke shirya buɗe-baki, ka ga kunun gyaɗa da ƙosai da masa da farfesu da zoɓo a jere, mutane suna biya da murna. Idan aka kama zaurensu don liyafar biki, mata masu girkin taro ne suke shigowa da manyan kuloli cike da masa da sinasir da miyar taushe, su ciyar da ɗaruruwan mutane, waɗanda suka zo a makare su tarar masa ta ƙare, soyayyiyar shinkafa tana nan. A wannan ginin, a kan waɗannan teburan. Gari na wayewa kuma a koma kamar ba a taɓa jin sunanta ba.

Hujjar manajan ta uku ita ce ta fi tsaya mini a rai, don ban sami amsarta nan take ba. Ya ce, "Malam, ku ne ba kwa tambaya. Bayerabe ya zo ya ce amala, Ibo ya zo ya ce ogbono. Bahaushe in ya zo sai ya ce soyayyiyar shinkafa da kaza. In na sa tuwo, sai ya ce don me zai biya dubbai a kan abin da matarsa ke tuƙawa kullum." Na yi shiru domin gaskiya ya faɗa. Sau nawa ni kaina na zauna a irin wurin nan raina yana son ɗanwake, bakina ya ce taliya, saboda waɗanda ke zaune kusa da ni? Mun taso an nuna mana cewa cokali mai yatsu shi ne wayewa, cin tuwo da hannu kuwa sai a tsakar gida. A makarantun kwana an kira tuwon dawa da sunaye na raini. A makarantun koyon girki ana koya wa yaranmu miyar Faransa da burodin Ingila, su fito da takardar shaida ba a taɓa gwada su a kan tanda ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, namu kuwa ta nan yake zuba.

Shi ya sa nake ganin gyaran yana buƙatar aiki a kicin, ba roƙo kaɗai ba. Girkinmu yawanci da ido da hannu ake auna shi. Uwa ta san yawan kanwar da za ta jefa, 'yarta ta koya da kallo. Otal kuwa yana son abin da za a ci ranar Litinin ya zama daidai da na ranar Juma'a, ko da kuku ya canza. To a zauna da matan da suka iya, a auna, a rubuta: shinkafar tuwo mudu nawa, jiƙon sa'a nawa, ƙullun masa ya kwana ko ya wuni, kabewa da gyaɗa da alayyafo da yakuwa nawa-nawa a tukunyar taushe ta mutum hamsin. A ɗauki matan aiki da albashi, a sa musu farar riga kamar kowane kuku, kada a mayar da su masu kawo kaya ta ƙofar baya. Masa ba ta son jira, daga tanda sai baki, don haka a kafa tandar a cikin ɗakin cin abinci da safe, kamar yadda ake tsayar da mai soya ƙwai baƙi suna kallo. Baƙon da ya ga ana juya masa da tsinke, ƙamshi yana tashi, ba sai an yi masa talla ba.

Sai maganar wanda ke biya. Duk wanda ya san harkar otal a Kaduna ya san ba masu shigowa ɗaya-ɗaya irina da Kawu ne ke riƙe da kicin ba. Tarurruka ne: bitar ma'aikatu, taron ƙara wa juna sani na ƙungiyoyin agaji, horon ma'aikatan banki, zaman kwamitoci. Kaso mai yawa na wannan kuɗin na jama'a ne, ko kuma an karɓo shi ne da sunan talaka. A kira taro a kan bunƙasa noma ko rashin abinci mai gina jiki, a yi jawabai a kan manomi har azahar, a fito shan shayi a tarar da kek da donot da fankeken nama, duk na fulawar alkamar waje, da katan-katan na lemo. Tun a Mayun 2017, Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a umarni mai lamba 003, wanda ya ce hukumomin tarayya su fifita kayan gida wajen sayayya, kuma abinci da abin sha suna cikin abubuwan da aka lissafa. Sai dai lemon da aka ɗura a kwalba a nan ƙasar ma kayan gida ne a takarda, don haka umarnin bai kai ga manomin citta ba. Jihar Kaduna tana iya yin abin da ya fi wannan sauƙi. Takarda guda daga ofishin shugaban ma'aikata ta isa: duk taron da za a biya da kuɗin jiha, a sa aƙalla abinci ɗaya da abin sha biyu na amfanin gonar jihar. Ba a hana kowa shinkafarsa ba. Otal kuwa da zarar ya ga sharaɗin kwangila ne, cikin mako guda zai nemo mai masa.

Ban manta da yarinyar nan mai sabis ba. A rasit ɗin ranar, ban da harajin VAT na kashi 7.5, wanda aka ɗaga daga kashi 5 a 2020, akwai wani kashi 10 da aka rubuta na hidima. Na tambaye ta ko yana isowa gare su, ta yi murmushi ba ta ce komai ba. Ita ce ta fitar da wurin kunya a ranar, da hankalinta da tarbiyyar gidansu, kuma na san ta yi kasada, don wani manajan zai iya yi mata faɗa a kan ta kai wa baƙo abincin ma'aikata. Kuɗin da aka karɓa da sunan hidima haƙƙin masu hidimar ne, a ba su.

Watanni bayan zuwan Kawu, ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta tashi yin taron shekara, aka ɗora mini kula da abinci. Mutum arba'in ne. Na je wani otal, ba wancan ba, na ce da safe muna son masa da ƙosai da kunun gyaɗa, da rana tuwon shinkafa da miyar taushe da dafa-duka ga mai so, abin sha kuma zoɓo da kunun aya da lemon citta. Manajar ta daɗe tana duban takardar. Ta ce tuwo da miya ba matsala, kukunsu ɗan Zariya ne. Masa sai dai ta kira wata mata daga Unguwan Shanu, kuma sai na ba da rabin kuɗi tun kwana biyu kafin ranar. Kunun aya kuwa ba ta ɗauki alhakinsa bayan ƙarfe biyu ba. Na yarda.

Ranar taron matar ta zo da tandarta tun da asuba, aka ba ta wuri a baranda. Masa ta ƙare kafin kowa ya samu, wasu suka yi mini ƙorafi. Mutum uku ko huɗu suka ce su dai lemon kwalba suka saba, aka aika aka sayo musu. An ɗauke wuta wajen sha biyu, janareto ya yi gardama, tulu ɗaya na kunun aya ya juya muka zubar. Wani abokinmu ɗan Zonkwa ya sha lemon cittar ya kira kuku ya tambaye shi inda ya sayo ta. Kuku ya ce a kasuwar Gumi. Ya ce wannan ta kwana biyu a sito, in za a sake yi a faɗa masa, ƙanwarsa tana noma ta a Kachia, zai sa a kawo sabuwa. Na ga manajar ta ɗauko biro ta rubuta lambarsa a bayan takardar odarmu.